Yadda ake furta cassiterite, sunan kuza a Turance

Duk shekara ɗalibai suna tare ni da waɗannan tambayoyi, saboda haka na rubuta amsoshin a wuri ɗaya.

Gaɓa nawa ce a kalmar?

Huɗu ne. Masu cewa biyar suna ƙirga harafin e na ƙarshe, alhali ba a furta shi.

Tun da s biyu ne, ba sai a ninka ba?

A'a. A Hausa idan baƙi ya zo sau biyu dole a danna shi, kamar a kalmar hassada, amma Turanci ba haka yake ba. Na gaji da gyara wa mutane "kassitarayit". Ku furta s ɗaya, ku ɗora ƙarfin murya a kan gaɓa ta biyu: ka-SI-ta-rait.

Mene ne ma'anarta?

Ita ce kuzar da aka daɗe ana haƙa a Jos da Bukuru. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci kassiteros, kuma wani masani Bafaranshe, Beudant, shi ya raɗa shi a 1832.

A ina zan raba ta idan aka tambaye ni a jarrabawa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci natsuwa, domin rabon iri biyu ne. Ƙamus yakan rubuta cas-sit-er-ite, wanda yake nuna inda za a yanke kalmar idan layi ya ƙare, shi ya sa aka raba s biyun, kuma aka ware -ite tun da ɗafi ne da ake liƙa wa sunayen ma'adinai. Amma a baki, harafin r yana komawa gaɓar ƙarshe, kamar yadda na nuna a sama. Idan tambayar ta shafi rubutu, ku bi ƙamus. Idan ta shafi furuci, ku bi kunne. Idan kuma malami bai fayyace ba, ni dai shawarata ku rubuta rabon ƙamus, sannan ku ƙara furucin a gefe, ko da yake wani malamin yana da ƙamus ɗin da ya fi amincewa da shi, kuma gara ku tambaye shi tun kafin ranar. Kada hankalinku ya tashi, ta kowace hanya gaɓoɓin huɗu ne.

Duk sunan da ya ƙare da -ite haka ake furta shi?

Galibi haka ne, kamar columbite da calcite. Amma granite "granit" ake cewa, don haka ku duba ƙamus kafin ku buɗe baki a gaban aji.