Inuwar giginya? Tambayoyi kan yadda Najeriya ke sulhu a waje alhali gida na cin wuta

Da gaske ne Najeriya tana da suna wajen sasanta rikicin wasu ƙasashe, ko dai kurari ne irin na gwamnati?

Da gaske ne. Tun a 1960, shekarar da aka samu 'yancin kai, Najeriya ta aika sojoji Kongo a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, har ma Aguiyi-Ironsi ya kai ga shugabantar rundunar baki ɗaya. Amma inda sunan ya fito sosai shi ne Laberiya. A watan Agustan 1990 rundunar ECOMOG, wato dakarun haɗin gwiwa na ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta ECOWAS, ta sauka a Monrobiya, kuma yawancin sojojin da kuɗin daga Najeriya suka fito. Daga can aka zarce Saliyo, inda a watan Maris na 1998 aka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa bayan sojoji sun tumɓuke shi. Alƙaluman da gwamnatin Obasanjo ta bayar daga baya sun nuna an kashe kimanin dala biliyan 8 a waɗannan yaƙe-yaƙe biyu, ban da ɗaruruwan sojojin da aka dawo da gawarwakinsu.

Janar Abdulsalami Abubakar ne ya shiga tsakani aka sa hannu a yarjejeniyar birnin Akara na Ghana ta Agustan 2003, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Laberiya, kuma Kalaba aka kawo shugaban ƙasar, Charles Taylor, ya zauna. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar kansa, kafin ya gaji kujerar kakanninsa, soja ne da ya yi aiki a Saliyo.

To a wannan lokacin me ake ciki a gida?

Nan ne abin ke ɗaure kai. A Oktoban 1991, sojojinmu na Monrobiya, aka yi rikicin Kano kan zuwan mai wa'azin nan na Jamus, Reinhard Bonnke. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga maganar sauya wa kasuwa matsuguni ya ƙare da gawarwaki har cikin Kaduna da Zariya. Shi kuwa Abacha da ya tura soja Saliyo don a dawo da zaɓaɓɓen shugaba, a daidai lokacin Abiola na tsare a hannunsa. Masu barkwanci na cewa Najeriya tana fitar da abin da ba ta da shi, wato dimokuraɗiyya, tana shigo da man fetur da take da shi.

Amma shekarar da ta fi nuna abin tsirara ita ce 2004. A watan Fabrairu aka kashe Kiristoci fiye da 70 a garin Yelwa na ƙaramar hukumar Shendam a jihar Filato, da yawansu a cikin coci. A farkon Mayu aka dawo aka far wa Musulmin garin, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe wajen 660 cikin kwana biyu. Mako guda bayan haka ramuwar gayya ta ɓarke a Kano, aka kashe fiye da mutum 200. Ranar 18 ga Mayu Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya naɗa Janar Chris Alli. Wata uku kacal bayan nan, a Agusta, shi dai Obasanjon, a matsayinsa na shugaban Tarayyar Afirka, ya buɗe taron sulhun Darfur a Abuja. Wakilan Sudan na shan shayi a otal suna gardama kan rabon iko, 'yan gudun hijirar Yelwa kuwa na kwance a sansanoni a Bauchi da Nasarawa, tafiyar 'yan sa'o'i daga zauren taron.

Shi sulhun Darfur ɗin ya yi nasara?

Bai yi ba. An sa hannu ranar 5 ga Mayun 2006, amma ɓangaren Minni Minnawi kaɗai ya yarda a cikin 'yan tawaye. Abdul Wahid al-Nur da Khalil Ibrahim suka ƙi. Yaƙi ya ci gaba, kuma a ƙarshen Satumban 2007 aka kai wa sansanin dakarun Afirka hari a Haskanita, aka kashe aƙalla goma, bakwai daga cikinsu 'yan Najeriya.

Idan ana iya sasanta Taylor da abokan gabarsa, me ya sa Jos ta gagara?

Saboda ba aiki iri ɗaya ba ne, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta.

A Laberiya akwai madugai masu suna. Ka san wanda za ka kira, ka san abin da yake so: kujerar minista, ko afuwa, ko jirgin da zai kai shi gudun hijira. Mai shiga tsakani kuma baƙo ne, ba shi da gona ko rumfar kasuwa a Monrobiya. In an sa hannu, ya tattara takardunsa ya koma gida.

A Jos wa za ka kira? Rikicin 7 ga Satumban 2001 ya biyo bayan taƙaddama kan naɗin wani Bahaushe a muƙamin shirin yaƙi da talauci a Jos ta Arewa. Na Nuwamban 2008 ya tashi ne daga zaɓen ƙaramar hukumar. Ƙasan duka biyun tambaya ɗaya ce: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin, ita ke buɗe ƙofar gurbin karatu da ɗaukar soja da aikin gwamnati. Mutum kakansa ya zo haƙar kuza tun zamanin Turawa, a Jos aka yanke cibiyar ubansa, amma a ce masa ya koma garinsu ya karɓo. Ɗaya ɓangaren kuma, Birom da Anaguta da Afizere, suna ganin in suka saki wannan, sun saki ƙasar kakanninsu da sarautarsu. Kuma kada wani ya yi saurin nuna Filato da yatsa: Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano shi ma ba ya samun takardar cikin sauƙi. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci, amma bai warware matsayin wanda ya shekara ɗari a wuri ba.

Sannan gwamnatin da za ta raba faɗan tana cikin faɗan. Gwamna ɗan wani ɓangare ne, shugaban ƙaramar hukuma haka, kuma kowa na lissafin ƙuri'arsa. Ba a zama alƙali da mai ƙara a lokaci guda.

Ai ana kafa kwamitocin bincike bayan kowane rikici?

Ana kafawa, har an gaji. Mai shari'a Niki Tobi ya binciki na Jos na 2001, Bola Ajibola ya binciki na 2008, Sheikh Ahmed Lemu ya shugabanci na rikicin bayan zaɓen 2011, wanda ya ci rayuka sama da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa. Mutane sun je sun ba da shaida suna kuka, an rubuta sunaye, an miƙa rahoto a gaban kyamara. Daga nan sai durowa. Yaran da aka kama da adda a hannu akan kwashe su zuwa Abuja, bayan an kwana biyu a gan su a unguwa. Wanda ya sayo fetur ɗin da aka ƙona gidajen kuwa, ba a ma tambayarsa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Wanda aka kashe wa uba, yana ganin makashin na wucewa ta ƙofar gidansu kullum, me kake tsammani zai yi ranar da gari ya sake rikicewa?

Sakamakon a fili yake ga duk wanda ya san Kaduna kafin rikicin shari'a na 2000 da bayansa. Kogi ya zama iyaka. Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka koma Sabon Tasha da Television da Romi. Ka je neman haya, mai gida zai fara tambayar sunanka kafin ya faɗa maka kuɗin ɗaki. Ana kiran wannan zaman lafiya, amma zaman doya da manja ne.

Faɗan addini ne ke nan ko na siyasa?

Duka biyun, kuma masu cewa "ai babu ruwan addini" suna sauƙaƙa wa kansu ne. Kasuwa ko kujera ko gona ce ke kunna ashana, amma da sunan addini ake tara mutane, da shi ake tare mota a hanya a ce wa fasinja ya karanto Fatiha ko Addu'ar Ubangiji. Shi ya sa wutar Yelwa ta iya tsallakawa Kano, inda ba wanda ya san gonar da ake faɗa a kanta.

Akwai lokacin da matsalar gida ta taɓa rage wa Najeriya ƙarfi a waje?

Ƙwarai. A farkon 2013 Janar Shehu Abdulkadir ne ke jagorantar rundunar Afirka a Mali. A watan Mayu Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, zuwa Yuli aka fara janye sojoji daga Mali ana cewa ana buƙatarsu a gida. Shekara biyu bayan nan reshe ya juye da mujiya: sojojin Chadi ne suka shigo suka ƙwato Gamboru da Dikwa daga hannun Boko Haram, su da na Nijar suka karɓe Damasak.

Haka a 2023, da Tinubu a matsayin shugaban ECOWAS ya yi barazanar tura soja Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sanatocin Arewa da malamai da 'yan kasuwar kan iyaka suka ce ba da su ba. Mutumin Jibiya ko Illela, wanda 'yan bindiga suka hana shi noma kuma surukansa na Maraɗi ko Ƙonni, tambayarsa ɗaya ce: sojan da za a kai Nijar, me ya hana a kawo shi dajin Rugu? A ƙarshe tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ce ta samu ganin jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, bayan tawagar farko ta Abdulsalami da Sarkin Musulmi ta dawo daga filin jirgi ba ta gan shi ba.

Babu wani sulhun cikin gida da ya yi aiki?

Akwai, sai dai yawanci ba daga ofis ya fito ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, a rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa a Kaduna. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Su ne suka haɗa malamai da limaman coci aka sa hannu a sanarwar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, duk da cewa wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya sake jiƙa garin da jini. Su ne kuma suka yi ta zirga-zirga zuwa Yelwa har aka ƙulla yarjejeniya a 2005, daga baya aka gayyace su Kenya bayan rikicin zaɓen 2007.

Sai kuma 2015. Kowa na tuna abin da ya faru a 2011, mutane na ta kwashe iyalansu zuwa garuruwansu kafin zaɓe. A watan Janairu aka sa Jonathan da Buhari suka sa hannu a yarjejeniyar Abuja a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, kwamitin Abdulsalami da Bishop Matthew Kukah kuma ya sake zaunar da su kwana biyu kafin zaɓe. Dabarar da aka yi amfani da ita a Akara ce aka dawo da ita gida, kuma ta ci saboda a wannan karon akwai mutum biyu masu suna da za a iya kira a waya. A Mangu da Kudancin Kaduna har yanzu ana neman wanda za a kira.