Makahon da Ya Gani da Masu Idon da Suka Makance: Tambayoyi a Kan Yohanna 9

A ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da muke yi ran Laraba da yamma, mako uku cur muka yi a kan sura ɗaya, Yohanna 9, labarin mutumin da aka haifa makaho. Tambayoyin da 'yan'uwa suka yi sun fi abin da na shirya koyarwa nauyi, shi ya sa na tattara su a nan tare da amsoshin da na iya bayarwa.

Me ya faru a wannan sura?

Yesu yana wucewa a Urushalima sai ya ga wani mai bara wanda bai taɓa ganin haske ba tun haihuwa. Ya tofa yawu a ƙasa, ya kwaɓa laka, ya shafa masa a ido, ya ce ya je ya wanke a tafkin Siluwam. Ya je, ya wanke, ya dawo yana gani. Duk wannan a aya bakwai ya ƙare. Sauran ayoyi 34 na surar rigima ce: maƙwabta suna musu ko shi ne ko mai kama da shi ne, Farisiyawa, wato wani rukuni na malaman addinin Yahudawa, suna tuhumarsa har sau biyu, an kira iyayensa, a ƙarshe an kore shi daga majami'a. Wannan rabon kaɗai ya isa ya nuna mana inda Yohanna yake so mu tsaya mu duba.

Almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin mutumin ne ko na iyayensa ya jawo makantar. Ashe cuta ba hukunci ba ce?

Amsar Yesu ba ta da kwana. Ya ce ba shi ya yi zunubi ba, ba iyayensa ba kuma, sai dai domin a bayyana ayyukan Allah a kansa. Ku lura da abin da almajiran suka yi. Mutum yana zaune a gabansu, yana jin su sarai, sun mai da shi abin muhawara. Ba su gaishe shi ba, ba su tambaye shi damuwarsa ba, neman mai laifi suke yi.

Mu ma ba mu tsira daga wannan hali ba. Idan aka haifi yaro da nakasa, sai ka ji ana raɗa: uwar ta taka wani abu, uban ya ci haƙƙin wani, ko kuma hannun maƙiya ne. Gaskiya ne akwai zunubin da yakan jawo ciwo, kowa ya san abin da shaye-shaye yake yi wa hanta. Amma ka dubi mara lafiya ka yanke cewa Allah ne yake sāka masa, wannan shi ne kuskuren abokan Ayuba, kuma a ƙarshen littafin Allah ya ce musu ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Ishaku ya tsufa idonsa ya dushe, ba a ce don zunubi ba ne. Annabi Ahija ma makaho ne a tsufansa, amma da matar sarki Yerobowam ta ɓad da kama ta zo wurinsa, tun daga jin takunta a bakin ƙofa ya kira ta da sunan mijinta, domin Ubangiji ya riga ya faɗa masa. Wa yake gani a gidan nan, wa ba ya gani?

Me ya sa sai da laka da yawu, sai kuma an tafi Siluwam? Ai da magana ɗaya ma ya isa.

Ya isa ƙwarai, Yesu ya warkar da wasu ba tare da ya taɓa su ba. Tun zamanin dā malaman ikilisiya suna ganin lakar nan tana tuna mana Farawa 2, inda Allah ya gina mutum daga ƙurar ƙasa. Wanda aka haifa ba gani, ba gyara yake bukata ba, sai an yi masa abin da bai taɓa samu ba.

Akwai kuma batun ranar. Asabar ce, kuma a cikin ayyuka iri 39 da malaman Yahudawa suka lissafa cewa haramun ne a ranar hutu har da kwaɓi. Yesu ya san haka, ya kuma kwaɓa lakar a fili.

Siluwam kuwa ba wurin tatsuniya ba ne. Ruwansa yana zuwa daga maɓuɓɓugar Gihon ta wata hanya da aka fafe a cikin dutse, tsawonta ya haura mita 500, aikin da ake dangantawa da sarki Hezekiya kamar yadda 2 Sarakuna 20:20 ta ambata. A shekarar 2004, ana gyaran bututun ruwan datti a kudancin tsohon birnin Urushalima, sai aka ci karo da matakalan dutse na wani babban tafki, masu binciken kayan tarihi suka tabbatar na zamanin Yesu ne. Yohanna ya ce ma'anar sunan ita ce "Aikakke", shi kuwa Yesu a cikin wannan bishara sau da yawa yana kiran kansa wanda Uba ya aiko. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne tafiyar. Tafkin yana can gangare, a ƙasan gari. Mutumin ya bi hanyar nan da laka a fuska, yana laluben ƙasa, har yanzu cikin duhu yake, ba abin da yake riƙe da shi sai maganar wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

To bangaskiyarsa ce ta warkar da shi ke nan?

A nan ne muka fi daɗewa a aji. Ku karanta a hankali, za ku ga mutumin bai roƙi kome ba. Bai kira Yesu ba, Yesu ne ya gan shi. Da aka fara tambayarsa, iyakar abin da ya sani shi ne "mutumin nan da ake kira Yesu". Da Farisiyawa suka matsa masa, ya ce annabi ne. Da suka sake kiransa suna so ya ce Yesu mai zunubi ne, ya ce shi dai abu ɗaya ya sani, dā makaho ne, yanzu yana gani. Ya ƙara da cewa da mutumin nan ba daga Allah yake ba, da bai iya yin kome ba. Sai a aya ta 38, bayan an kore shi, ya ce "Ubangiji, na gaskata", ya yi masa sujada. Idon jiki a yini ɗaya ya buɗe, farat ɗaya. Na zuciya kuwa sannu a hankali, kuma kowane mataki tsanani ne ya tura shi.

Labarin Bartimawas a Markus 10 dabam ne. Shi yana zaune a bakin hanyar Yariko, ya ji Yesu ne yake wucewa, ya ɗaga murya yana kiran Ɗan Dawuda ya ji tausayinsa. Jama'a suka kwaɓe shi, ya ƙara ɗaga murya. Da aka ce ana kiransa, ya yar da mayafinsa ya zabura. Shi ne Yesu ya ce wa bangaskiyarsa ta warkar da shi. Ɗaya ya zo da bangaskiya ya sami ido, ɗaya ya sami ido kafin bangaskiya ta zo. Duk wanda ya koya maka cewa bangaskiya kuɗi ce da ake sayen warkarwa da ita, ya yi maka bayanin mutumin Yohanna 9, wanda bai ajiye ko sisi ba.

Mece ce makantar ruhu?

Ba rashin ilimi ba ce, domin Farisiyawa sun fi kowa sanin Attaura. Sun san Ishaya 35 ta ce a ranar ceton Allah idanun makafi za su buɗe. Ga makaho a tsaye a gabansu yana kallonsu, iyayensa sun shaida ɗansu ne, sun shaida makaho aka haife shi. Ba hujjar da ta rage. Amma sun riga sun yanke hukunci cewa mai karya Asabar ba zai fito daga Allah ba, don haka duk shaidar da ta zo sai su nemi hanyar ture ta. Da hujja ta ƙare musu, suka koma zagi: kai da aka haifa cikin zunubi ɗungum, za ka koya mana? Hausawa suka ce da makaho ya rasa ido sai ya ce ido wari gare shi. Abin da suka kasa gani, shi suka kushe.

Yesu ya faɗi ainihin ciwon a aya ta ƙarshe. Ya ce da makafi ne su, da ba su da laifi, amma tun da suna cewa suna gani, laifinsu yana nan. Makahon ido ya san halin da yake ciki, shi ya sa yake riƙe sanda, yake neman ɗan jagora. Makahon zuciya ba ya neman jagora, shi ne ma yake cewa a biyo shi.

Mai bi zai iya kamuwa da ita, ko ta waɗanda ba su san Almasihu ba ce kawai?

Da na ce ta wasu ce, da na faɗa cikin ramin da muke magana a kai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Markus 8, almajiran da suke ci suna sha tare da Yesu ne ya tambaya ko suna da ido amma ba sa gani. Nan da nan Markus ya kawo labarin makahon Betsaida, wanda sai da aka taɓa shi sau biyu. Bayan taɓawar fari ya ce yana ganin mutane, amma kamar itatuwa suna tafiya. Bayan wannan kuma sai ga Bitrus ya shaida Yesu shi ne Almasihu, jim kaɗan ya ja shi gefe yana hana shi maganar gicciye. Ya gani, amma dishi-dishi.

Ikilisiyar Lawudikiya kuma, a Wahayi 3, garinsu ya yi suna da arziki da maganin ido, su ma suna cewa ba su rasa kome ba. Ubangiji ya ce musu makafi ne, su zo su sayi maganin ido a wurinsa. Masu bi ne aka rubuta wa wannan. In ka ga kana jin wa'azi kana tuna wanda ya kamata ya ji shi, in gyara yana ɓata maka rai fiye da laifin da aka gyara, in talakan ikilisiya ya yi magana kana duban tufafinsa ba maganarsa ba, to lokacin roƙon taɓawa ta biyu ya yi.

Na yi addu'a, na yi azumi, ban warke ba. Bangaskiyata ce ta gaza?

'Yar'uwar da ta yi wannan tambaya da hawaye ta yi ta, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Na gaskata Allah yana warkarwa har yau, ina kuma yi wa marasa lafiya addu'a da wannan sa zuciya. Amma Bulus, wanda shi kansa ya yi kwana uku ba gani a Dimashƙu har Hananiya ya ɗora masa hannu, daga baya ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata ƙaya a jiki, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Timoti yana fama da ciwon ciki a kai a kai. Ba ɗaya a cikinsu da aka ce wa bangaskiyarsa ta yi kaɗan. Wanda ya yi wa mara lafiya addu'a bai warke ba, sannan ya juya ya ɗora masa laifi, ya ƙara masa kaya a kan kaya, ya kuma maimaita tambayar almajiran da Yesu ya riga ya rushe.

Zuwa asibiti rashin bangaskiya ne?

A'a. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM da suka buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yanzu yake hannun ikilisiyar ECWA, da na ƙungiyar mishan ta SUM da suka kafa makarantar makafi a Gindiri a 1953, mutanen addu'a ne, ba su kuma ga saɓani tsakanin addu'a da aikin likita ko koyar da karatun makafi ba. Akwai wata baba a ikilisiyarmu da ta yi shekaru da yanar ido, ana yawo da ita daga taron addu'a zuwa wani, ana ce mata ta ƙara bangaskiya. Aikin da bai kai awa ɗaya ba ya buɗe mata ido, ta zo ran Lahadi ta yi godiya ga Allah a gaban jama'a, kuma daidai ta yi. Hawan jinin ido kuwa ya fi haɗari, domin yana cin gani a ɓoye, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Wanda aka ba shi maganin ɗigawa kada ya daina don wani ya ce ya "karɓi warkarwa". Ya ci gaba da addu'a, ya ci gaba da ɗiga maganinsa, ya koma a auna shi.

Me ya sami mutumin bayan an kore shi?

Kora daga majami'a ba ƙaramin abu ba ne, rabuwa ce da dangi da jama'a. Tsoronta ne ya sa iyayensa suka zame, suka ce ai ya yi girma, a tambaye shi. Ranar da ya fara ganin fuskar uwarsa da ubansa, ranar ya ga sun ja da baya. Wasu 'yan'uwa a ajinmu sun san wannan ɗacin da kansu. Aya ta 35 ta ce Yesu ya ji an kore shi, ya neme shi har ya same shi. Ya tambaye shi ko ya gaskata da Ɗan Mutum. Mutumin ya ce, wane ne shi, Maigida, don in gaskata da shi? Muryar ya sani, fuskar ce bai taɓa gani ba. Yesu ya ce masa, ai ka gan shi, shi ne yake magana da kai.