Me 135/85 ke nufi a na'urar awon jini ta gida?

Yanzu gidaje da yawa suna da na'urar awon jini. Ana sayo ta a kemis, a ɗaura a damtse, a danna, sai lambobi biyu su fito, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan kowa ya shiga yi musu tasa fassarar.

Lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke danna bangon jijiyoyi da shi a daidai lokacin da zuciya ta matse ta tura shi. Ta ƙasa kuma ƙarfin da ya rage ne yayin da zuciyar ta saki tana cika kafin bugu na gaba. Wata lamba ta uku kan fito can ƙasa, wannan yawan bugun zuciya ne a minti ɗaya, ba ta cikin lissafin hawan jini.

A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90. Ɗaya daga cikinsu ma ta isa, ba sai duka biyun ba. Ga awon gida kuwa, likitoci kan sauko da iyakar zuwa 135/85, domin mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. Akwai ma waɗanda ganin likita kaɗai ke ɗaga musu jini, su dawo gida ya sauka. Likitocin zuciya na Amurka sun ƙara matse iyakar tun 2017, suna ƙirga 130/80 a matakin farko na hawan jini, shi ya sa za ka ci karo da alƙaluma masu saɓani a intanet.

Abin da ya fi ɓata awon gida shi ne gaggawa. Magidanci ya dawo daga kasuwa cikin rana, ya ci goro a hanya, ya sha shayi, ya zauna bakin gado yana amsa waya ya ɗaura na'ura a kan hannun rigarsa. Ta nuna 152/94, hankalin gida ya tashi. Wannan awon hidimar ranar ya auna. Goro, shayi, kofi da taba duk suna ɗaga jini na ɗan lokaci, don haka a bar su na rabin awa kafin awo. A yi fitsari tukuna. A zauna a kujera mai jingina minti biyar, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, damtse babu riga, kuma baki a rufe. Idan abin ɗaurawar ya yi wa damtse kaɗan, lambar za ta fito sama da gaskiya; masu jiki su nemi babba. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu aminci.

A auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, a bar minti ɗaya tsakani, har kwana bakwai, ana rubutawa a takarda. A zubar da na ranar farko, a haɗa sauran, na sama daban na ƙasa daban, a raba kowanne da yawan awon da aka haɗa. Wannan matsakaicin shi ne abin da likita zai yi aiki da shi.

Idan ya ɗan haura, kamar 138/86, galibi aikin farko a tukunya yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kusan cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a dunƙulen maggi, yajin tsire, kilishi da taliyar leda. Kanwa ma tana da sinadarin da ake gudu a gishirin. Uwargida ta rage a hankali, harshe yakan saba. Sai tafiya da sauri minti 30 kwana biyar a mako, da rage ƙiba, da barin taba. A kuma lura da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum babu izinin likita, suna iya ɗaga jini. Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda kuwa, likita na iya fara masa magani ko da hawan kaɗan ne. Wanda ya riga ya fara shan magani kada ya daina don ya ga 120/80. Maganin ne ya kawo shi nan.

Akwai lokacin da ba a jiran mako. Idan na'ura ta nuna 180/120 ko fiye, a huta minti biyar a sake. In bai sauka ba a nemi likita a ranar. In kuma da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, dishi-dishin gani, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, asibiti za a nufa nan take. Mai ciki da ta ga 140/90 ta je awo ranar, saboda jijjiga.