Garin shinkafa, amma kwano na cizo: tambayoyi da amsoshi kan cefane a Birnin Kebbi

Wani abokin aikina da aka yi wa canji daga Zariya ya sauka Birnin Kebbi da tunanin cewa a nan shinkafa kamar kyauta take. Albashin farko bai kai tsakiyar wata ba ya fara jero mini tambayoyi, wasu a ofis, wasu a bakin kasuwa. Ga su nan, da abin da na faɗa masa.

Ba nan ake noma shinkafar ba? Me ya sa kuɗinta bai bambanta sosai da na Zariya ba?

Nan ake nomanta, babu tantama. Fadamar gulbin Rima ta taso daga Augie da Argungu, ta ratsa gefen Birnin Kebbi, ta gangara Bunza da Suru har ta haɗu da kogin Neja, kuma yawancinta shinkafa ce. A jihar nan Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. A Disamban 2016 aka fitar da shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas. Ga masana'antar Labana a Birnin Kebbi, ga ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017.

To, wannan sunan da jihar ta yi shi ne ya ɗaga kuɗin. Injin kamfani ba ya son hutu, shanshera yake nema rani da damina. Ranar kasuwar ƙauye, matar da ke sayen buhu biyu ta turara ta sayar da kwano-kwano tana tsaye ne kafaɗa da kafaɗa da dillalin kamfani, wani ma daga Kano ya zo da tirela. Manomi kuwa wanda ya fi tayi zai sallama wa, kuma ba laifinsa ba ne. Ka ƙara da cewa buhun shanshera ba buhun shinkafa ba ne: in an casa, abin da ke fita bai wuce kashi biyu cikin uku ba, sauran ƙaiƙayi ne da dusa. Ga itacen turarawa, ga kuɗin injin casa, ga ɗan dako. Sauƙin da mazaunin Birnin Kebbi ya samu a kan na Zariya kuɗin mota ne kawai, ba wani abu ba.

Kowa sai ya ce man fetur ne. Ina ruwan fetur da gona?

Ruwansa da tsaki. Shinkafar rani, wadda ita ta fito da sunan Kebbi, ba ruwan sama take sha ba. Manomi na haƙa 'yar rijiyar burtsatse a fadama, ya ɗaura injin ban-ruwa mai shan fetur, ya riƙa tayar da shi duk bayan 'yan kwanaki tun daga dashe har shinkafa ta nuna, wata uku zuwa huɗu. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin kwanaki ya haura 500, a Oktoban 2024 ya tsallake 1,000. Wanda ke ba kadada ruwa da inji ya ji wannan a jikinsa kafin mai mota ya ji.

Shi ya sa in ka bi fadama yanzu za ka ga tukunyar gas a gindin inji, an sauya masa kabureta, ko kuma farantan sola an jingina su suna kallon rana. Masu hali ne suka fara, don kuɗin sayen sola a dunƙule yake. Marasa hali wasu sun rage faɗin gona.

Yaushe ya kamata magidanci ya sayi abin ajiya?

Shinkafa sau biyu take sauka: bayan girbin damina, daga Oktoba zuwa Disamba, sai kuma bayan girbin rani, wajen Afrilu da Mayu. Gero da dawa da wake kakarsu ɗaya ce. Agusta shi ne watan da ya fi gasa magidanci, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai iso ba. In kuma gulbi ya yi ambaliya kamar ta 2020, da ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar, lissafin kaka ya rushe.

Albasa ma haka. Da rani Aliero na cika kasuwa da ita har a rasa inda za a taka, sannan manoma su zuba saura a rudu, rumbun ajiyar albasa, su jira. Daga tsakiyar damina zuwa ƙarshen shekara ita ce sarauniya. Matan da suka san gari da rani suke yanka tumatir da tattasai su shanya.

Sai dai ajiya ba kullum take riba ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafa, kuma a 2025 farashi ya sauko. Masu cefane suka yi hamdala, manoman da suka noma da tsadar mai da taki suka koka. A ganina a sayi abin da gida zai ci, a bar caca ga 'yan kasuwa.

'Yar gida ko ta kamfani?

Ni 'yar gida nake saye, amma da sharaɗi. Akwai wata dattijuwa da nake zuwa wurinta a Babbar Kasuwa. Na kai abokin nan nawa, ya ɗebi shinkafa a tafin hannu yana jujjuyawa kamar ya san abin da yake nema. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, wagga ta Suru ta, tauna ka ji." Ya tauna ƙwaya ɗaya, ta ƙwanƙwasa masa haƙori. Wannan ita ce busasshiya. Wadda ba ta bushe ba taushi take yi a baki, ta fi nauyi a buhu, kuma kafin wata biyu ta fara warin ruma. Da ta zo awo na ce, "Inna, a cika mana." Ta tula kwanon ya yi tozo, ta tare gefe da hannu, abin da ya zubo kan tafin ma ta juye a ledarmu. Wani mai awon kuwa a shafe zai ba ka, ko kwanon an ɗan buga gindinsa ciki. Kuɗi ɗaya, shinkafa ba ɗaya ba.

Aibin 'yar gida tsakuwa. In akwai mai haƙurin regewa a gidan, ta fi auki, ta fi daɗin tuwo. In babu, sayi ta kamfani ka tsira da haƙoranka.

Me ya sa labarin iyaka ke motsa farashi a nan?

Saboda iyakar a ƙofar gida take. Kamba na kallon Gaya ta Nijar, Bagudo na maƙwabtaka da Benin. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ta Kamba ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa daga ɓangarenmu har Maris na 2024. Duk rufewa tana taɓa dabbobi da dabino da kanwa masu shigowa. Da naira ta faɗi a gaban sefa kuma, hatsinmu ya zama araha ga mai saye daga ƙetare, sai buhu ya fi son tafiya can.

Kabu-kabu ko keke napep?

In kai kaɗai ne kuma kana sauri, ko gidanka na cikin lungunan Badariya ko Bayan Kara inda ruwa ke kwanciya da damina, kabu-kabu. In da iyali ne ko da buhu, keke. A yi ciniki kafin a hau, kuma a faɗi ainihin wurin sauka, don "Gesse" kawai ba adireshi ba ne, unguwa ce mai faɗi. Mai zuwa jami'ar tarayya a Kalgo kullum gara ya nemi abokan haɗa kuɗin mai.

Ruwa da wuta fa, nawa zan ware?

Wannan tambayar a yi ta tun kafin a biya kuɗin haya, kuma maƙwabta za a tambaya, ba dillali ba. Gidan da ruwan famfo na gidan ruwan Dukku ke kaiwa, ko mai burtsatse, ya fi gidan da ya fi shi arahar haya amma kullum sai an tsayar da mai kura an sayi jarka-jarka. Wutar jihar Kaduna Electric ke rabawa, kamar Sakkwato da Zamfara, kuma tun Afrilun 2024 layin da aka sa a rukunin A, na waɗanda aka fi ba wuta, kuɗinsa ya ninka na saura. A nemi gida mai mitar kati, a tabbatar wanda ya tashi bai bar bashi a kanta ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, fanka ba ta hutawa, jarkar ruwa na ƙarewa kafin azahar. Abokin nan nawa ya zo da layi shida a takardar kasafinsa. A Afrilu ya ƙara na bakwai, ya rubuta "ƙanƙara".