Wai wa ake nufi da "ƙwararren da doka ta yarda da sa hannunsa" a harkar gurɓatacciyar ƙasa?

Idan fili ya taɓa zama gidan mai, ko majema, ko kamfanin fenti, aka zo daga baya za a gina gidaje ko makaranta a kai, to a ƙasashe da yawa ba a barinka ka ce ai na duba da idona lafiya ƙalau. Dalma da arsenik da man da ya yoyo daga tsohon tanki na ƙarƙashin ƙasa ba sa nuna kansu, ciyawa na iya fitowa kore shar alhali guba na nan kwance. Sai an kawo rahoto, kuma rahoton sai da sa hannun wani mutum na musamman, shi ne wannan ƙwararren da ake magana.

Aikin nasa yawanci hawa biyu ne. Na farko babu haƙa ma, tsofaffin takardu da taswira da hotunan sama zai bi, ya zaga filin, ya tambayi waɗanda suka san tarihin wurin. In ya ga alamar matsala sai hawa na biyu, a haƙa a ɗebo samfurin ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji, a gwada abin da ya fito da ma'aunin da hukuma ta sa.

To a nan ne mutane ke ɗauka ai kemist, wato masanin kimiyyar sinadarai ba mai shagon magani ba, shi ne zai sa hannu, tunda shi ya fi kowa sanin sinadari, shi ya san yadda samfur ke lalacewa in an bar shi cikin zafi, shi ya san lokacin da na'ura ke ba da lambar da ba za a yarda da ita ba. Amma fa ba ko'ina ba. A lardin Ontariyo na Kanada, doka mai lamba 153/04 injiniya mai lasin da masanin jiyoloji (ilimin ƙasa da duwatsu) mai rajista kawai ta ba damar sa hannu a waɗannan hawa biyun. Kemist zai iya yin rabin aikin da hannunsa, sunan wani ne zai hau takardar. Dalilin da ake kawowa shi ne injiniyoyi da 'yan jiyoloji suna da hukumar da ke ba su lasin kuma take iya ƙwacewa, su kuwa kemist na lardin laƙabinsu kaɗai doka ta kare. Ni dai a ganina hujjar tana da ƙarfi, amma tana da ciwo, don matsalar tsarin rajista ce aka mayar kamar ta ilimi.

Amurka ta fi sassauci. Ƙa'idar EPA, hukumar kare muhalli ta ƙasar, da ta fara aiki a 2006 ta buɗe ƙofofi: mai lasin injiniya ko jiyoloji shekara 3 na aiki ya ishe shi, mai digirin kimiyya ko injiniyanci, nan ne kemist ke shiga, shekara 5, wanda ba shi da ko ɗaya kuma sai ya kawo shekara 10. A Birtaniya akwai rajistar SiLC ta ƙwararru kan yanayin ƙasa, wadda ke karɓar mutane daga fannoni daban-daban har da masu laƙabin CChem, wato ƙwararren kemist, na ƙungiyar masana sinadarai ta Royal Society of Chemistry, bayan jarrabawa da intabiyu.

Abin da duk waɗannan ƙa'idoji ke nema shi ne wuyan da za a rataya wa laifi. Banki zai ba da bashi saboda rahoton, mai saye zai biya kuɗi, hukumar da ba ta da ma'aikatan bin kowane fili za ta karɓa, in bayan shekaru aka samu benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin man fetur, a ruwan rijiya, sunan da ke ƙasan takardar nan za a fara nema, da lasin ɗinsa da inshorarsa.