Hular kwano ta yaƙi

Hular kwano ta yaƙi hula ce mai tauri da soja ke sanyawa don kare kansa. Babban aikinta tare ɓaraguzan bam da na harsashin igwa. Yawancin samfura ba sa tare harsashin babbar bindiga irin AK-47 idan ya zo kai tsaye daga kusa.

Tarihi

Yawan raunukan kai a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sa aka koma ga hular ƙarfe. Faransa ta fitar da hular da ake kira Adrian a 1915, Birtaniya ta biyo da Brodie mai faɗin baki, Jamus kuma ta kawo Stahlhelm a 1916, wadda ta sauko ta rufe kunne da ƙeya, kuma ita ce ta fi kariya a cikinsu. Amurka ta riƙe hular M1 daga 1941 har tsakiyar shekarun 1980, sannan wata hula mai suna PASGT ta maye gurbinta. An yi PASGT da Kevlar, zaren da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont wajen 1965, kuma siffar hular ta ɗauko ta Jamusawa sosai.

Ƙira

Ana jera yadin Kevlar ɗaya kan ɗaya (19 a PASGT), a haɗe su da ƙaro, a danne cikin zafi. Idan ɓaraguzi ya buga, zaren yana miƙewa ya rarraba ƙarfin bugun. Sai dai kwanon kan lotsa ta ciki ko da bai huje ba, wannan lotsawar kaɗai tana iya fasa ƙoƙon kai. Shi ya sa ake barin tazara tsakanin kwano da kai. Hular ACH, da sojan Amurka suka fara karɓa wajen 2003 a madadin PASGT, tana da soso bakwai a ciki da maɗaurin haɓa da ke kama kwanon a wuri huɗu, nauyinta kusan kilo 1.4.

Sababbin samfura suna amfani da zaren roba irin Dyneema, wanda ya fi sauƙin nauyi amma zafi mai tsanani na raunana shi. Wasu an yanke gefensu sama da kunne don a sami wurin na'urar sadarwa. Ana saɓani kan ko hakan ya cancanci kariyar da aka rage.

Madubin gani da dare da ake maƙalawa a goshi yana rinjayar da kai gaba, don haka akan ɗaura wani nauyi a ƙeya. Hular da aka huda ba bisa ƙa'ida ba, ko wadda yadinta ya fara ɓanɓarewa, cire ta ake yi daga aiki.