Garmaho mai tsada da kan allurarsa: me za a fara dubawa?

Ina ya kamata in fi zuba kuɗi, a jikin garmahon ko a kan allurar?

A jikin garmahon da hannunsa mai ɗauke da allura. Allura ba ta da wayon bambance kiɗa da girgizar motar lantarkin da ke juya faifai. Duk abin da ya motsa ta, sauti za ta mayar da shi. In farantin da ake ɗora faifai yana rawa a kan sandarsa, ko gaɓar hannun ta yi sako-sako, kan allura (ɗan akwatin da allurar ke maƙale a jikinsa) mai tsada aibin zai ƙara tonawa. Kuma allura cinyewa take yi, garmaho mai kyau kuwa har gadonsa ake ci. Linn Sondek LP12, wanda aka fara ƙerawa a Sukotlan farkon shekarun 1970, har yau ana yin sa, ana kuma sabunta tsofaffinsa.

Mai bel ko wanda motar ke juya farantin kai tsaye?

Gardamar nan ta girmi da yawa cikin masu yin ta. Masu bel, irin Rega Planar 3 na Ingila, sun raba mota da faranti, robar bel ɗin da ke haɗa su tana shanye girgiza, sai dai tana saki bayan 'yan shekaru a sauya ta. Technics na Japan ya fito da SL-1200 a 1972, farantin a kan motar, gudunsa ba ya gezau. A sahun masu tsada duka biyun sun ƙware. Sa faifan fiyano, ka saurari dogon sauti: in yana lilo, gudun ne bai tsaya ba, ko wane iri ne.

Mene ne MM da MC da ake rubutawa a kwali?

Hanyoyi biyu ne na mayar da motsin allura lantarki. A MM, ɗan maganaɗisu ne ke motsi kusa da naɗin waya. Yana ba da kamar milibolt 3 zuwa 5, kuma in allurar ta cinye sai ka zare ta da yatsu ka sa sabuwa. A MC, naɗin wayar ne ke motsi. Da yake ya fi sauƙin nauyi, allurar ta fi saurin bin lanƙwasar tsagin faifai, shi ya sa manyan masu sauraro suka fi karkata can. Amma abin da yake fitarwa kaɗan ne: Denon DL-103, da aka yi don gidajen rediyon Japan a shekarun 1960, milibolt 0.3 kacal. Allurarsa kuma ba ta zaruwa; ranar da hannun riga ya ɗauke ta, sai dai kamfani ko ƙwararren mai gyara. Ni dai a ganina, MM na sahun gaba irin Ortofon 2M Black ya fi MC mai arha da aka saya don suna.

Ashe ba kowane kan allura ke shiga kowane hannu ba?

Shiga kam zai shiga, zaman lafiya ne ba tabbas. Sandar allura a kan 'yar roba take, wata mai laushi, wata mai tauri. Taurin robar da nauyin hannu su ke haɗuwa su ba da wani bugu da suke amsawa tare, kuma ana so ya faɗa tsakanin Hz 8 da 12, wato bugu 8 zuwa 12 a daƙiƙa ɗaya: sama da tangal-tangal na faifan da ya lanƙwashe, ƙasa da sautin kiɗa mafi kauri. Mai laushi da hannu marar nauyi, mai tauri da mai nauyi. In an haɗa su ba daidai ba, cire marfin lasifika ka duba: za ka ga bakinta na shiga da fita kamar mai haki tun kafin waƙa ta fara, wani lokaci allurar ma ta yi tsalle. DL-103 ɗin nan mai tauri ne, a hannu marar nauyi sai a yi ta zarginsa a banza.

Siffar bakin allura fa?

Mai zagaye ya fi haƙuri da saiti marar kyau. Sirara irin Shibata, da aka ƙirƙira a kamfanin JVC farkon shekarun 1970, sun fi shiga lungun tsagi. Bambancin ya fi fitowa a waƙar ƙarshe kusa da tsakiyar faifai, inda tsagin ya cushe, harafin "s" na mawaƙi ya koma kamar ana yaga takarda.

Rage nauyin allura ba zai sa faifai ya daɗe ba?

A'a, kuma wannan kuskuren ya kashe faifai da yawa. Allurar da ba ta zauna ba tana dukan bangon tsagi ne tana kankare shi. Bi abin da kamfani ya rubuta, galibi tsakanin giram 1.5 da 2.5, da ɗan sikeli, ba da ido ba. Ka daidaita garmahon da ma'aunin ruwa, ka jera kan allurar da takardar saiti, sannan ka ƙwanƙwasa teburin da farce: in ka ji "dum" a lasifika, sauya masa mazauni.

Zan iya jona shi a amfilifaya kawai?

Sai in tana da ramin da aka rubuta wa Phono. Tun 1954 ake yanka faifai da ƙa'idar RIAA, wadda ke rage sauti mai kauri ta ƙara siriri, kuma na'urar fono da ke bayan wannan ramin ce ke warware wannan ta kuma ƙara ƙarfi, kamar desibel 40 ga MM, 60 ga MC. Ramin Phono na amfilifaya da yawa na MM ne kawai, don haka ka duba bayanta kafin ka biya kuɗin MC.